Shuwaka da zogale ga mai ciwon suga: ina binciken ya tsaya?

Ɗan Aboabo:

Assalamu alaikum jama'a. Mahaifiyata tana fama da ciwon suga, ana kuma duba ta a asibitin Komfo Anokye da ke Kumasi, inda aka ɗora ta a kan magungunan metformin da glibenclamide. Kwanakin baya wata ƙawarta ta ba ta shawarar shan ruwan shuwaka da sassafe da zuba garin zogale a koko. Da na leƙa intanet sai na tarar da rubuce-rubucen masana da yawa suna cewa waɗannan ganyayyaki suna sauke sukarin jini, saboda sinadaran antioksidan da ke cikinsu masu kare ƙwayoyin jiki daga lalacewa. Idan har bincike ya tabbatar da haka, me ya hana likitoci rubuta su? Shin akwai haɗari idan ta haɗa su da maganin asibiti? Abin da ya fi damuna shi ne Hajiya ta fara maganar rage ƙwayoyin da take sha.

Mai harhaɗa magunguna, Asawase:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba Hajiya lafiya. Rubuce-rubucen da ka gani ba ƙarya ba ne, amma ya kamata ka duba a kan me aka yi gwajin, domin a nan ne maganar take.

Mafi yawansu a ɗakin gwaje-gwaje suke tsayawa. Akan busar da ganye, a niƙa, a jiƙa shi a ruwa ko a wani sinadari, sannan a ɗiga abin da aka tace a cikin wani ruwa mai launin shunayya da ake kira DPPH. Idan launin ya koɗe ya koma rawaya, sai a rubuta cewa ganyen yana da ƙarfin antioksidan. Wannan gaskiya ne, sai dai ganyayyaki da 'ya'yan itatuwa masu ɗimbin yawa suna cin wannan jarrabawa, kuma kwalbar gwaji ba ta da hanji da hanta da ƙoda da za su sarrafa abin da aka zuba mata. Mataki na gaba shi ne ɓeraye: a yi musu allurar alloxan ko streptozotocin don a kashe ƙwayoyin da ke samar da insulin (sinadarin da ke sauke sukarin jini) a jikinsu, a ba su ruwan ganyen na 'yan makonni, a auna sukarinsu. Sau da yawa sukarin yakan sauka. Amma ɓeran da aka jawo wa ciwo a rana ɗaya ba daidai yake da dattijuwar da ciwon ya shiga jikinta a hankali cikin shekaru ba, kuma adadin da ake ba ɓera gwargwadon nauyinsa yakan zarce abin da mutum zai samu a kofi ɗaya.

Gwaji a kan mutane shi ne mai yanke hukunci, shi ne kuma ya yi ƙaranci. Na zogale da na shuwaka ƙanana ne, mutane kaɗan, lokaci gajere. Ko kirfa da aka fi gwadawa, da masanan Cochrane, ƙungiyar da ke tantance binciken lafiya, suka tattara gwaje-gwajenta a 2012, sun ce hujjar ba ta isa a ba masu ciwon suga shawarar dogaro da ita ba. Batun antioksidan ma an gwada shi da gaske: a wani babban bincike da aka wallafa a 2000, mai suna HOPE, an ba mutum sama da 9,000 bitamin E ko ƙwayar da ba ta da magani, cikinsu har da masu ciwon suga da yawa, kuma bitamin ɗin bai rage bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ba. Shi ya sa likita ba zai rubuta shuwaka a takarda ba: bai san adadin da zai rubuta ba, kuma ganyen damina da na rani ba lallai ƙarfinsu ya zo ɗaya ba.

Ma'aikacin maganin tsirrai, Tafo:

Na yarda da yawancin bayanin yayana na Asawase, amma ina tsoron kada mai karatu ya tashi da fahimtar cewa itatuwa ba su da abin bayarwa. Metformin ɗin da Hajiya take sha, asalinsa daga binciken wani tsiro ne na Turai mai suna Galega officinalis, wanda mutanen can suka daɗe suna jiƙawa, har wani likita a Faransa, Jean Sterne, ya gwada maganin a kan masu ciwon suga a 1957. Sababbin magungunan da ke fitar da sukari ta fitsari su ma tushensu wani sinadari ne da aka samo daga ɓawon itacen tuffa tun 1835. Dubi tsawon shekarun da aka ɗauka kafin a kai ga ƙwaya mai adadi sananne. Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma namu ganyayyakin ba a gama gwada su ba, domin gwaji a kan ɗaruruwan mutane yana cin kuɗin da masu bincikenmu ba kasafai suke samu ba. Wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Duk da haka Ghana ba ta zauna ba. Cibiyar binciken magungunan tsirrai da ke Mampong-Akuapem an kafa ta a 1975 bisa ƙoƙarin Dakta Oku Ampofo, jami'ar KNUST ta nan Kumasi ta fara ba da digiri a fannin maganin tsirrai a 2001, akwai kuma dokar 2000 da ta tsara aikin masu maganin gargajiya. Wasu asibitocin gwamnati suna da sashen maganin tsirrai. Idan zuciyar Hajiya ta karkata ga ganye, gara a kai ta irin wannan sashe, inda za a auna sukarinta a kuma ga katinta, da a sayo mata gora marar suna a bakin tasha. Duk kwalbar da za a saya a duba lambar rajistar FDA, hukumar kula da abinci da magunguna, a jikinta, domin a ƙasashe da dama an kama magungunan da ake tallatawa da sunan ganye zalla, alhali an cusa musu glibenclamide a ɓoye.

Nas mai ritaya, Sabon Zongo:

Ɗana, ni tambayarka ta biyu zan amsa, domin ita ce mai gaggawa. Glibenclamide yana tilasta wa jiki fitar da insulin ko mutum ya ci abinci ko bai ci ba. Idan aka ƙara masa ruwan shuwaka da sassafe a kan cikin da babu komai, sukari yana iya faɗuwa ƙasa da 3.9 a na'urar awon sukari (mmol/L), sai ka ga gumi mai sanyi, hannu yana rawa, magana tana harɗewa. A jikin tsofaffi wani lokaci ruɗewa kaɗai ake gani, har iyali su ɗauka tsufa ne ko iska. Idan haka ta faru kuma tana iya haɗiya, a ba ta sukari a ruwa nan take, sannan a kai ta asibiti.

Kada ta rage ƙwaya ko ɗaya da kanta. Illar ciwon nan a ɓoye take tafiya, tana cin ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa alhali mutum yana jin garau. Zogale a miya ko a kwaɗo, da shuwaka a miya, abinci ne mai kyau, ban kuma taɓa hana kowa ba. Abin da nake hanawa shi ne tafasasshen ruwa mai kauri da ake sha kofi-kofi ba awo. Ka kuma lura da kokon da ake zuba garin a ciki, domin cokali uku na sukari da ƙullin burodi sun isa su rushe duk amfanin da ake nema. Haka soɓolo, wato zoɓon da ake sayarwa a gora, yawancinsa sukari ne ya yi masa yawa.

Ɗan Aboabo:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mama, idan Hajiya ta dage sai ta sha, ta yaya za mu gane ko yana yi mata aiki ko yana cutar da ita?

Nas mai ritaya, Sabon Zongo:

Ku fara da gaya wa likitanta, ku tafi da ganyen ko garin a hannu ya gani. Masu jinya da yawa suna ɓoye wannan don tsoron faɗa, sai likita ya ga sukari ya sauya, ya canza magani bisa dalilin da ba shi ne ba. Ku sayi na'urar awon sukari ta gida da ɗan littafi, ku riƙa rubuta awon safe kafin karin kumallo da na awa biyu bayan cin abinci, tare da abin da ta ci da abin da ta sha a ranar. Ku nemi a yi mata gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sukarin wata biyu zuwa uku, a kuma duba ƙoda da hanta kafin ta fara, sannan a maimaita bayan wata uku. Idan za ta gwada, ta ɗauki ganye ɗaya kawai a lokaci guda, domin in ta haɗa shuwaka da zogale da hulba gaba ɗaya, ko likitan ba zai iya cewa ga wanda ya sauke sukarin ko ga wanda ya ɓata mata ciki ba.