Ninki ko naɗewa? Neman kalmar Hausa ta "protein folding"

Assalamu alaikum, malamai da ɗalibai. Ina koyar da ilimin halittu a sakandare, kuma akwai kalmar da ta tsaya mini a wuya: folding, wato abin da furotin yake yi har ya samu siffar da zai yi aiki da ita.

Farkon bayanin ba ya ba ni wahala. Furotin zare ne da aka jera ƙananan sinadarai da ake kira amino asid a kansa kamar 'ya'yan carbi, iri 20 ne ake ta sauya musu gurbi. "Jeri" nake ce wa wannan, yara kuma suna kamawa nan take. Insulin, furotin da ke daidaita sukari a jini, wanda Frederick Sanger ya gama gano jerinsa a 1955, 'ya'ya 51 ne a zare biyu. Inda zaren yake murɗewa kamar igiya, abin da Linus Pauling da Robert Corey suka bayyana a 1951, "murɗi" ya wadatar.

Bayan jeri da murɗi, rigimar tana mataki na uku, inda zaren gaba ɗaya yake ɗaukar siffarsa. Wani abokin aikina ya ce "ninki". Ban yarda ba. Zane ake ninkewa, yau gida huɗu, gobe gida shida, a jefa a akwati, zane yana nan zanensa. Furotin kuwa siffarsa ce aikinsa, in ya kuskure ta ya tashi daga aiki. Ga shi kuma da ka ce ninki a aji, hankalin yaro ya tafi lissafi, ninki biyu, ninki uku.

Ni "naɗewa" nake so. Da farko "naɗi" na ce, sai wata malama ta tuna mini cewa Bahaushe in ya ji naɗi, rawani da algaita zai hango, kuma rawani wani ne yake naɗa shi. Gaskiyarta. Furotin da kansa yake naɗewa, kamar yadda maciji yake naɗewa a gindin tulu: sassan da ba sa shiri da ruwa su shige ciki, masu son ruwa su tsaya a waje.

Na gwada kalmar ranar da muka yi darasin sikila. Himogulobin, furotin da ke ɗaukar iskar oksijin a jini, zare huɗu ne, kowanne ya naɗe, sannan suka haɗu. A jikin mai sikila, a gurbi na 6 na zaren da ake kira beta, wani amino asid mai suna balin ya maye gurbin wani mai suna gulutamik asid. Balin ba ya son ruwa, ga shi a waje, don haka da iskar oksijin ta yi ƙasa sai ya manne wa himogulobin maƙwabci, su yi ta haɗuwa kamar sanduna har ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje. Wata yarinya da ƙaninta ke fama da ciwon ta rubuta komai, ba ta ɗaga kai ba.

Saura denaturation, wato furotin ya rasa siffarsa, abin da ke samun farin ƙwai a kasko. "Warwarewa" ce ta zo mini, amma mu in mara lafiya ya warware, sauƙi ya samu. Mutanen Sakkwato da Damagaram, ku me za ku ce?