Karnuka 'yan ruwa biyu: abin da muka gani da idonmu a Gombe

Mai buɗe zance, daga Tumfure:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina da gonar kaji a kan hanyar Dadin Kowa, kuma tun da ɓarayi suka haura mini katanga sau biyu a daminar da ta wuce, na ƙudurta neman karen gadi. Wani dillali ya turo mini hotunan kwiyakwiyai ta WhatsApp, ya ce ubansu Kokeshiyan ne, uwarsu Bowabul, duka biyu irin manyan karnukan ƙasashen waje, wai sabon iri ne da ya haɗa girman wannan da zafin wancan, kuma ba ya yawan ciwo kamar tsantsar iri. Kuɗin da ya yanka ya kai na ragon layya. Ina roƙon duk wanda ya taɓa riƙe irin waɗannan karnuka ya faɗa mana abin da ya gani, tunda gani ya kori ji.

Ma'aikaci, daga Jekadafari:

Wa alaikumus salam, Malam. Ni na riga ka faɗawa wannan rami. A watan Fabrairun bara na sayi kwikwiyo ɗan mako bakwai da aka ce haɗin Rotwaila da Alseshan ne, aka sako shi a kwali cikin motar haya, tare da kati mai hatimi da ke nuna an yi masa allura. Kwana biyar da zuwansa ya ƙi abinci, sai amai, sai zawo mai jini da wani irin ƙarni da ya cika gidan. Ya je ya kwanta a gindin randa inda ƙasa ke da sanyi, idanunsa suka faɗa, fatar wuyansa idan na ja ta sai ta tsaya ba ta koma ba. Likita ya ce cutar farbo ce, aka yi ta ƙara masa ruwa har kwana uku, amma bai tashi ba. Lambar da ke jikin katin kuwa ba ta taɓa shiga ba. An gargaɗe ni kada in kawo wani kwikwiyo nan kusa, domin ƙwayar cutar tana yin watanni a cikin ƙasa, sai da muka wanke duk simintin tsakar gida da bilic.

Likitan dabbobi, daga cikin gari:

Allah ya mayar da alheri, Yallaɓai. Tunda wannan sana'ata ce, ku yi mini haƙuri in ɗan tsawaita. Haɗa iri biyu a raɗa wa 'ya'yan sabon suna daga ƙasashen Turawa ya bunƙasa. Wanda ya fi shahara shi ne Labradudul, ɗan Labrado da Fudul, wanda Wally Conron ya samar a Ostareliya a 1989, lokacin da yake aiki da ƙungiyar horar da karnukan jagoran makafi. Wata makauniya ce a Hawayi take buƙatar kare ɗan jagora, alhali jikin mijinta ba ya jituwa da karnuka. Kwiyakwiyai uku aka haifa, ɗaya tak ya dace da mijin. A 2019 Conron da kansa ya bayyana nadamarsa, saboda masu neman kuɗi sun ɗauki abin suna ta haɗa karnuka barkatai ba tare da duba lafiyar iyayen ba.

Kowane kwikwiyo yana gadon rabi daga uba, rabi daga uwa, amma babu mai iya zaɓar wane hali zai ɗauko daga wane ɓangare. Dillalin da ya ce maka za su haɗa girman wannan da zafin wancan, fata yake yi, domin haka nan suna iya haɗa gashin wannan da taurin kan wancan. Maganar cewa ba sa ciwo tana da ɗan tushe, tunda akwai cututtukan gado da ba sa fitowa sai uwa da uba duk suna ɗauke da su. Sai dai idan irin biyu sun yi tarayya a cutar, haɗin bai tsinana komai ba, kuma lalacewar gaɓar ƙugu sananniya ce ga Kokeshiyan da Bowabul baki ɗaya. A 2024 masu bincike na Kwalejin Likitancin Dabbobi ta Sarauta da ke Ingila sun kwatanta irin haɗi guda uku da iyayensu tsantsa a kan cututtuka 57, suka tarar a mafi yawancinsu babu wani bambanci.

Abin da ya fi damuna a nan Gombe shi ne zafi. Kokeshiyan ɗan tsaunukan Jojiya da Armeniya ne, gashinsa ninki biyu ne saboda ƙanƙara. Kare kuma ba ya gumi kamar mutum, da haki yake sanyaya jikinsa. A watan Afrilu, lokacin da zafi ke kaiwa maki 40, an sha kawo mini irin waɗannan a bayan mota, harshe a waje ya canza launi, yawu ya yi kauri, ƙafafun baya sun kasa ɗaukar jiki. Kusan duka an kulle su ne da rana a ɗakin kwano marar iska. Wasu mun ceto, wasu kuwa an makara.

Ɗan mafarauci, daga Dukku:

Baba ne ya ce in rubuta a madadinsa, bayan na karanta masa abin da Likita ya faɗa. Ya haura shekara 40 yana farauta da karnukan gida, masu siririn ƙugu da dogayen ƙafafu da gajeren gashi. Shekaru biyar da suka wuce wani abokinsa ya ba shi aron Alseshan ya barbari karyarsa da ta fi kowace gudu. 'Ya'yan sun fito da manyan kawuna da babbar murya, kowa na sha'awarsu. Da aka fita da su daji kuwa, kafin hantsi ya dubi ludayi sun nemi inuwa, ƙarangiya ta cika musu gashi, zomo yana tashi a gabansu suna haushi maimakon su bi shi shiru kamar uwarsu. Kaska ma ta fi kama su, har biyu suka yi zazzaɓi dasashinsu ya yi fari suka mutu. Baƙin cikin Baba shi ne yanzu da wuya ka samu karen farauta wanda jininsa bai gauraya ba, kowa so yake a ce nasa ɗan waje ne. Ni kuma zan ƙara da cewa karen Abzinawa da ake kira Azawak, na yankin Nijar da Mali da Burkina Faso, a 2019 babbar ƙungiyar masu karnuka ta Amurka ta yi masa cikakkiyar rajista a matsayin iri mai zaman kansa, yayin da mu muke ɓatar da namu.

Hajiya, daga unguwar GRA:

Nawa ba na gadi ba ne, amma darasin ya shafi zancen. 'Yar autata tana da asma, kuma ta ƙwallafa rai a kan ƙaramin kare. Aka ce mini haɗin Lasa da Fudul ba ya zubar da gashi, don haka ba zai tayar mata da ciwon ba. Gaskiya ne bai cika zubarwa ba, amma cikin mako biyu yarinyar ta koma shaƙar magani da dare. Likitanta ya bayyana mini cewa abin da ke tayar da ciwon yana cikin yawun kare da ɓurɓushin fatarsa, kuma babu karen da ba shi da su. Ga wahalar gashin: da hunturu ƙura takan shige shi ya dunƙule kamar tsohon kitso, idan an yi kwana uku ba a taje ba sai dai almakashi, kunnuwansa kuma kullum cikin ƙaiƙayi. Da hawaye muka rabu da shi, muka ba wani dangi da ke Jos.

Manomi, daga Kumo:

Kada a ce duk haɗi banza ne, domin ni na ci moriyarsa. Karyata ta gida ce, na san uwarta, kuma namijin Alseshan ne na maƙwabcina wanda na shekara uku ina ganin halinsa da yara da baƙi. Na riƙe biyu cikin 'ya'yan, yau shekararsu huɗu suna gadin lambuna. Sun ɗauko gajeren gashin uwar da jimirinta, suka ɗauko saurin fahimtar uban. Sauran tuwo da kan kifi suke ci, da rana suna kwance ƙarƙashin mangwaro ga ruwa a kasko, kuma duk mako nakan duba kunnuwansu da tsakanin yatsunsu saboda kaska. A lambu suke kwana, ba sa shiga gida, kuma malamanmu sun karantar da mu cewa riƙe kare don farauta ko tsaron dabbobi ko shuka ya halatta. Shawarata gare ka, Malam, ba a cinikin biri a sama. Ka je ka ga uwar tana shayar da su kafin ka ba da ko sisi.

Likitan dabbobi ya ƙara da cewa:

Alhajin Kumo ya yi gaskiya, kuma a haɗa da allura. Rigakafin farbo ana fara shi ne daga mako shida zuwa takwas, a maimaita duk mako uku ko huɗu har kwikwiyo ya kai mako 16, na haukan kare kuma a wata uku, sannan a riƙa sabuntawa. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom, kusa da Jos, tana sarrafa allurar haukan kare, cutar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara. Wanda kare ya ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, ya tafi asibiti a ranar. A kuma yi hattara da ƙaton kare wanda ba a san halin iyayensa ba a gonar da ma'aikata da yara ke shiga da fita, domin sabon irin nan na XL Bully, cizon da ya riƙa yi wa mutane ne ya sa tun Fabrairun 2024 aka hana riƙe shi a Ingila sai da takardar izini.

Mai buɗe zance:

Na gode muku ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya na kira dillalin na ce zan zo in ga uwar da kuma likitan da ya sa hannu a katin, sai ya ce uwar tana Legas, kwiyakwiyan kaɗai ke hannunsa, in turo rabin kuɗi a ajiye mini ɗaya. Na ce masa na fasa. Alhajin Kumo, idan babu takura, ina son in zo lambun ranar Asabar bayan la'asar in ga karnukan nan naka, in kuma ji ko karyar za ta sake haihuwa kafin damina.