Neman shawara: zan hau dutsen Kilimanjaro karon farko, ta ina zan fara?

Ɗan Yamai:
Salamu alaikum ƴan uwa. Aiki zai kai ni Tanzaniya a watan Satumba, abokan aikina sun matsa sai mun hau Kilimanjaro kafin mu dawo, ni kuma baki ya riga hankali na ce to. Jiya na duba na ga tsawonsa mita 5,895, alhali nan Yamai wajen mita 200 muke. Ƙarfi dai alhamdulillahi, kullum bayan asuba ina gudu a filin Seyni Kountché. Kwana 5 suke so mu yi ta hanyar Marangu don ya fi araha. Me zan shirya?

Ɗan Agadas:
Wa alaikumus salam. Ni iyakata dutsen Bagzan, mita 2,022, shi ma ƙafa ce ta ba ni kashi, takalmi sabo fil na sa, kwana biyu duk ta yi bororo. Sayi naka yanzu ka riƙa yawo da shi kan yashi da tuddan Haro Banda, da jaka mai nauyi a baya, awa 4 zuwa 5 ba gudun minti 30 ba.

Antin asibiti:
Ƙanena kafin takalmi, ka san jininka? Je ka yi awon sikila. Mai SS kam babu maganar hawa, mai AS ma da yake zaune lafiya lau can sama saifarsa na iya tashi da ciwo, kuma mu nan AS ta yi mana yawa. Sannan gudun nan naka ba ya kare ka daga ciwon tudu, daga mita 2,500 yake fara kama mutane, ciwon kai, tashin zuciya, rashin barci, abinci ya fita ranka. A can ƙoli abin da kake shaƙa kusan rabin na nan ne. Akwai Diamox, maganin ciwon tudun, amma likita zai rubuta maka, yana sa yawan fitsari da jin kamar kiyashi a yatsu, kar ka tsorata. In kana tafiya kamar mai maye ko numfashi na sarƙewa kana zaune, a sauko da kai ko tsakar dare ne, ba a jiran safiya.

Ɗan Yamai:
Kai Anti wallahi ban taɓa awon nan ba, kin sa jikina ya yi sanyi. Gobe in sha Allah.

Baban Yara (Tawa):
Ni na hau shi. Ɗana kwana 5 ɗin nan rabu da shi, arha ba ta ado. Ɗauki hanyar Machame kwana 7 ko Lemosho kwana 8, jiki ya samu ya saba. Jagora dole ne, kuma kullum za ka ji shina cewa pole pole, wato sannu sannu, samarin da sunka wuce mu suna dariya a zangon Barafu munka iske su kwance. Tsakar dare aka tashe mu hawan ƙarshe, ruwan gorata ya daskare, sanyin hunturun Tawa wasa ne. Je kasuwar Katako wajen ƴan gwanjo ka nemi jibgegiyar riga da safar hannu, sauran ka yi haya a Moshi, garin da ke gindin dutsen. Sallah kuwa ƙasaru na yi, a sama taimama.

Ɗan Yamai:
Na gode Baba. Sauran rigimar shawo kan abokaina su ƙara kuɗin kwana biyu.

Baban Yara (Tawa):
Ba su lambata.