Tambaya kan fiziks: me ya sa bulo da tsakuwa suke faɗowa tare, kuma da gaske lokaci yana jinkiri?

Mai Gyaran Waya:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni a sakandare na tsaya, amma fiziks ta shiga raina, ni kaɗai nake ɗan karantawa da daddare daga tsohon littafin ƙanena, sai bidiyo in data ta samu. Akwai abubuwan da suka ɗaure min kai.

Littafi ya ce duniya ta fi jan abu mai nauyi da ƙarfi, to kuma shi wannan littafin dai ya ce in ka saki bulo da tsakuwa daga saman bene tare za su isa ƙasa. Na gwada, eh tare suka sauka, amma wallahi kaina bai karɓa ba, in an fi jan bulo me ya hana shi riga tsakuwar? Sannan 'yan sama jannati da nake gani suna shawagi, can babu jan duniya ne? Sai maganar Einstein wai lokaci yana jinkiri in kana gudu, wannan gaskiya ne ko dai lissafin takarda ne kawai? A yi haƙuri in tambayar ta yara ce.

Malamin SS2:

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Littafin bai yi tufka da warwara ba, rabin maganar ka riƙe. Gaskiya ne an fi jan bulo, amma kuma bulo ya fi wuyar motsawa. Ka tura amalanke wayam, ka kuma tura wadda aka loda wa buhunan siminti, ta biyun sai ka sa ƙarfi sosai kafin ta ɗau gudun da ta farko ta ɗauka. To in bulo ya ninka tsakuwa sau 100, jan da ake masa ya ninka sau 100, taurin kansa wajen motsi shi ma ya ninka sau 100, sai su cinye juna. Shi ya sa kowane abu da ka saki gudunsa ke ƙaruwa da kamar mita 9.8 a sakan, a cikin kowane sakan ɗaya. Dokar Newton ta biyu ke nan, F = ma, wato ƙarfi daidai yake da nauyin abu sau yadda gudunsa ke ƙaruwa, tun 1687 ya fitar da ita, kafin shi ma Galileo ya gano hakan ta hanyar gangaro da ƙwallaye a kan katako.

Takarda ko gashin kaza iska ce take tare su. A 1971 David Scott na Apollo 15 ya saki guduma da gashin tsuntsu a kan wata inda babu iska, tare suka taɓa ƙasa, nemi bidiyon ka gani da idonka.

Ɗan Arewa 07:

Ta biyun ai mai sauƙi ce, sun fita daga duniya ne, sama babu jan ƙasa shi ya sa suke yawo.

Injiniya:

A'a Ɗan Arewa, ba haka ba ne, kuma mutane da yawa haka suka ɗauka. Tashar ISS, wato tashar sararin samaniya da 'yan sama jannatin ke zama a ciki, kilomita 400 kacal take sama da mu, nisan da bai kai Kano zuwa Legas ba ma, kuma jan duniya a wurin ya kai kusan kashi 90 cikin 100 na wanda muke ji a nan. Da babu jan, ai da tashar ta miƙe ta ɓace. Abin da ke faruwa faɗowa suke yi, su da tashar baki ɗaya, sai dai suna gudu a kaikaice wajen kilomita 28,000 a awa, kafin su faɗo ƙasar ta lanƙwashe ta kauce musu, haka suke zagaye duniya duk bayan kamar minti 90. Tunda mutum da ɗakin da cokalinsa duk tare suke faɗowa, kamar bulonka da tsakuwarka, babu wanda ke danne wani, sai ka ga ana shawagi.

Kuma Mai Gyaran Waya, abin da ya hana ka barci shi ne ya dami Einstein. A wurin Newton abin kamar dace ne, nauyin da ake ja da nauyin da ke ƙin motsi sun zo daidai, shi ke nan. Einstein ya ce wannan dacen ya yi yawa. Ya ce mutumin da ke cikin ɗaki rufe yana faɗowa ba zai iya bambance halinsa da na wanda ke can nesa da duk wani ja ba, daga nan ya bi har ya kai ga cewa abu mai nauyi lanƙwasa sarari da lokaci yake yi, kowa kuma hanyar da ta lanƙwashe yake bi, babba ko ƙarami. A 1915 ya kammala. A 1919 aka gwada lokacin husufin rana, tawagar masanin taurari Eddington ta je tsibirin Principe nan kusa da mu a mashigin tekun Gini, wata tawagar ta je Sobral a Brazil, suka ga hasken taurari ya karkace da ya ratsa kusa da rana.

Maganar lokaci kuwa tana cikin wayoyin da kake gyarawa. Taurarin ɗan Adam na GPS suna sama da kilomita 20,000 daga ƙasa. Gudunsu yana sa agogonsu ya yi baya da kamar maikurosakan 7 a rana (maikurosakan shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na sakan), raunin jan duniya a can yana sa ya yi gaba da kamar 45, in ka cire saura 38. Kamar ba komai ba ko? To haske yana cin mita 300 a maikurosakan ɗaya, ninka da 38 ka ga kuskuren ya haura kilomita 10 a rana guda. Dole aka saita agogunan da lissafin Einstein.

Mai Gyaran Waya:

Allah ya saka da alheri Malam, Injiniya na gode ƙwarai. Na ninka da kalkuleta, 11,400 ya ba ni, sai da na yi shiru. To yanzu zan iya shiga karatun Einstein kai tsaye ko sai na koma lissafi? Don gaskiya lissafina ya yi tsatsa.

Malamin SS2:

Koma lissafi ƙanena, babu wata hanyar ratse. Aljabara, tirigonometiri, sannan kalkulas, kuma ka riƙa warware tambayoyin ƙarshen babi da biro. Bidiyo yana sa mutum ya ji kamar ya gane, sai an ba shi tambaya ya ga ashe kallo kawai ya yi.

Injiniya:

Na yarda da Malam kan aikin 1915, wannan kam sai da kalkulas mai zurfi. Amma na 1905, wanda ya shafi gudu kaɗai, Pythagoras da ɗan aljabara sun isa. Zana madubi biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, haske yana kai da komo tsakaninsu, sai ka sa su a mota mai gudu ka zana hanyar da hasken ya bi a idon wanda ke tsaye bakin titi. Za ka ga ta fi tsawo, alhali gudun haske bai canja ba. Lissafa ka turo mana abin da ka samu.