Tallafin ƙasashen waje zai raba mu da talauci bayan yaƙi?

Manomin Gadarif: Assalamu alaikum. Ina jin ana cewa da zarar yaƙin nan ya lafa ƙasashen waje za su zo su tayar da Sudan. Ni ban yarda ba. A 2005, bayan sulhun yaƙin Kudancin Sudan, an taru a Oslo an yi alkawarin dala biliyan 4.5. A 2010 aka sake zama a Kuwait saboda mu mutanen gabashin Sudan, aka ambaci biliyan 3.5. Amma har yau sai na sayar da riɗina tun yana gona, a wulaƙance, kafin in sami kuɗin iri da na noma.

Malamar Kasala: Wa alaikumus salam. Kawu, ka yi haƙuri, amma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Madatsar Setit da aka buɗe a 2017, akwai kuɗin asusun Kuwait a ciki. Sannan shirin Samarat na 2021, na tallafa wa iyalai da kuɗi, dala 5 ga kowane mutum a wata. Na san za ka ce ba yawa. Maƙwabciyata mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya shida. Da kuɗin nan ta sayi murhu da buta da kofuna, ta fara sayar da shayi a bakin tasha. Ni da idona na ga ƙaramar 'yarta ta koma aji.

Direban Jidda: Yaya, ai a shekarar ce aka karya darajar fam ɗin Sudan, dala ta tashi daga fam 55 zuwa 375, aka cire tallafin mai, tsadar kaya ta haura kashi 400 cikin ɗari. Duk sharuɗɗan masu ba da bashi ne. An ba mutum kaza an karɓe masa akuya. Wallahi riyal ɗin da muke turawa ta manhajar banki ta Bankak duk wata shi ya riƙe gidanmu, ba Samarat ba.

Malamar Kasala: Gaskiya ne, mun sha wuya. To amma wa ya tsayar da shirin Samarat ɗin? An kama hanyar yafe mana mafi yawan bashin da ya wuce dala biliyan 50, sai aka yi juyin mulkin 25 ga Oktoba 2021, Bankin Duniya ya rufe aljihu. Wannan ba baƙo ya yi mana ba.

Manomin Gadarif: Ai kin zo inda nake, 'yata. Soja ya yi laifi, mai shayi aka hukunta. Ina amfanin tallafin da ke yankewa ran da aka fi buƙatarsa?

Dattijon Mai Wurno: Ku saurara, 'ya'yana. Tun da aka fara harbi ranar 15 ga Afrilu 2023, tukwanen takiyya na unguwanni, wato wuraren dafa abincin sadaka, su ne suka ciyar da mutane, kuma cikin abin da ake zubawa a tukwanen akwai naku na Saudiyya, akwai na ƙungiyoyin waje. Don haka ban ce a ƙi karɓa ba. Amma madatsar Sinnar tun 1925 take shayar da gonakin yankin Jazira, yanzu magudanan sun cika da laka da ciyawa, ruwa ba ya kai wa gonakin ƙarshe. Wannan ba aikin fartanya ba ne, sai injin haƙa. In za su taimaka, su yashe mana su kafin shukar alkama, kuma a sa manoma cikin masu ƙirga kuɗin.

Direban Jidda: Baba, in har manoma ne za su riƙe littafin, ni ma zan sa nawa a kuɗin man injin.