Ɓarar da jifan kyauta da gangan: dabara ce ko ganganci?

Dogon Gangare: Salamu alaikum 'yan ƙwallon kwando na Jos. Ni magana ɗaya gare ni: duk kocin da zai ce wa yaro ya ɓarar da jifan kyauta da gangan, ya raina wasan. An ba ka maki a hannu, ba mai tare ka, sai ka zubar? Ƙwai a baka ai ya fi kaza a akurki.

Koci: Wa alaikumus salam. Dogo, zo mu yi lissafi. An fi ka da maki 3, saura sakan 4, an ba ka jifa biyu. Ko ka ci duka, da saura 1, ƙwallo kuma ta koma hannunsu. Amma in ka ci na farko, na biyu ka doka shi a zobe ta dawo, naku na iya cafkewa ya zura, a tafi ƙarin lokaci. Haka Luka Doncic, lokacin yana ƙungiyar Dallas, ya yi wa New York Knicks a gasar ƙwararru ta Amurka, NBA, a Disambar 2022. Shi ya jefa, shi ya tsinci ƙwallon a cikin turmutsutsu, shi ya zura. Ya tashi da maki 60, Dallas ta ci 126 da 121.

Auta: Koci, a gafarce ni, amma ai shi ya sa har yau ake yawo da bidiyon. Da abin kullum ne, wa zai tuna?

Malam Rafari: Auta ya yi gaskiya, kuma doka ce ta sa abin wuya. A jifan ƙarshe dole ƙwallo ta taɓa zobe. In allo kawai ta doka, usur zan busa in miƙa wa abokan hamayya. Mai jifa ba ya tsallake layi sai ta taɓa zoben. A gefen kwando kuma masu tsaro uku ne, naku biyu, su ne ma ke tsaye mafi kusa. Na sha gani a fili: yaro ya kalli benci, koci ya yi masa alama da ka, ya ɗaure fuska, ya wurga ƙwallo da ƙarfi a miƙe, ta doki allo, tim, ta dawo ko gogar zobe ba ta yi ba. Wani kuma garin ɓararwa sai ta faɗa ciki, ka ga kocinsa ya dafe kai alhali maki suka samu.

Dogon Gangare: To kun ji daga bakin mai usur.

Koci: Bai ce kada a yi ba, Dogo. Cewa ya yi da wuya. In ƙofa ɗaya ta rage maka, ba ka tambayar faɗinta.

Anti Mai Lamba Bakwai: Duk kun tattaru a kan wanda aka fi. Ni da na buga wasan nan, na fi ganin amfaninta ga wanda ke gaba. Agogo ba ya tafiya lokacin jifan kyauta. In ka ci, suna da damar neman ɗan hutun shawara da kocinsu, a minti biyun ƙarshe kuma su dawo su jefo ƙwallo daga ɓangarenka, sun tsara abinsu tsaf. In ka ɓarar, agogo na tashi da zarar hannu ya taɓa ta. A dokar FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, wadda muke bi a nan Najeriya, ba a ba da hutu ƙwallo na raye. A NBA ne ɗan wasa ke cafkewa ya nemi hutu nan take. Mu muna kwana kallon NBA, mu manta ba dokarsu ake busa mana ba. Saura sakan ɗaya, sai dai mutum ya wurgo daga can ƙarshen fili ya bar wa Allah.

Auta: Anti, in Allah Ya amsa masa fa?

Anti Mai Lamba Bakwai: Nan ne wurin da nake jin tsoro, ƙanena. A wasan ƙarshe na jami'o'in Amurka a 2010, Duke na gaban Butler 61 da 59, saura sakan 3.6. Kocin Duke, Mike Krzyzewski, ya sa ɗan wasansa Brian Zoubek ya ɓarar da jifan kyauta na biyu, don Butler ba ta da sauran hutu. Gordon Hayward na Butler ya cafke, ya kai tsakiyar fili ya saki. Ta doki allo, ta doki zobe, ta fita. Kiris ya rage.

Dogon Gangare: Madalla! Da Zoubek ya ci, tazara ta zama 3, mafi muni a yi kunnen doki. Da ya ɓarar, sai ya buɗe ƙofar rasa kofi ɗungurungum. Sa'a ce ta cece su, ba dabara ba.

Koci: A wannan kam ina tare da kai. Sakan 3.6 ya yi yawa, mutum na iya dirbil biyu ko uku a ciki. Ni in kana gaba da 2 ba na yarda sai in abin da ya rage bai wuce sakan ɗaya ba. Amma an fi ka da 2, jifa ɗaya ya rage, agogo ya kusa mutuwa, wallahi ko a wasan unguwa sai na sa a ɓarar.

Dogon Gangare: Da waɗanne yaran? Waɗanda ko na gaskiyar ba sa ci?

Malam Rafari: A nan ku koci-koci kuke da laifi. Kuna umartar yaro da abin da bai taɓa gwadawa a atisaye ba. Ku koya masa ya auna gefen zobe, dogayen biyu su san ta ina za ta faɗo. Kuma ku daina ihun "ɓarar!" daga benci, masu tsaro ma suna da kunne.