Hoto ya yi kyau amma Yaya bai dawo daidai ba, da me ake auna halin da yake ciki?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Yayana ne, shekararsa 46. An yi masa tiyatar ƙari a ƙwaƙwalwa, ya gama gashin ƙarin da na'ura (radiotherapy) na mako 6 wata guda da ya wuce. Likita ya ce hoton MRI ya yi kyau, mun gode Allah. Amma a gida wuni yake a kwance, da dare ba barci, abu kaɗan sai faɗa. In an tambaye shi a asibiti, "Alhamdulillahi, da sauƙi" kawai yake cewa. Akwai hanyar auna wannan hali da za mu nuna wa likita a rubuce?

Likita: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ba shi lafiya. Akwai. Hoto ƙari yake nunawa, ba ya nuna yadda mutum ya kwana. A katinsa wataƙila za ki ga makin Karnofsky, ma'aunin yadda mara lafiya ke iya gudanar da harkokinsa, daga 0 zuwa 100. Mai 70 yana iya kula da kansa amma ba ya iya aiki. Sai dai wannan likita ne ke ba da shi da idonsa. Wanda mara lafiya ke amsawa da bakinsa shi ne takardar EORTC QLQ-C30 ta auna ingancin rayuwar masu ciwon daji, mai tambaya 30, da ƙarin BN20 mai tambaya 20 da aka ware wa masu ƙari a ƙwaƙwalwa: ciwon kai, farfaɗiya, gani biyu-biyu, sarƙewar magana, raunin ƙafafu, riƙe fitsari, da fargabar abin da gobe za ta zo da shi. Yawanci amsa huɗu ce: ko kaɗan, kaɗan, da ɗan dama, sosai. Ana mayar da su maki 0 zuwa 100. Ki kula a nan, domin mutane na ruɗewa: a sashen ƙarfin jiki da tunani maki mai yawa alheri ne, a sashen gajiya da ciwo kuwa akasin haka ne. Sauyin da ya kai maki 10 shi ake ɗauka da muhimmanci. Ki roƙi asibitin su cika da shi kafin ya shiga ganin likita.

Nas: Ƙari a kan bayanin likita, wurin cikawa ake ɓata abin. Yawancin tambayoyin a kan kwana 7 da suka wuce ne, ba tun farkon ciwo ba. Ki zauna da shi da hantsi bayan ya karya, lokacin da kansa ya fi washewa. Ki karanta masa a hankali, ki yi shiru, ya zaɓa da kansa. Kada ɗakin ya cika da 'yan dubiya, babu magidancin da zai ce fitsari na kufce masa a gaban surukansa. In ya gaji a tambaya ta 25, a huta a ci gaba da yamma.

Ke ko matarsa ku cika taku daban, ku rubuta a kai cewa mai jinya ce ta amsa. Iyali kan dace da mara lafiya a kan tafiya da wanka, amma a kan damuwar zuci sukan saɓa. Kuma in ƙarin ya taɓa gaban ƙwaƙwalwa, mutum na iya rantsewa lafiyarsa ƙalau alhali ya saka riga a baibai. Shi ya sa likita ke son ganin duka biyun. Ranar da jikin ya tsananta har ya kasa amsawa, kada ku bar wurin fayau, ku rubuta kwanan wata da dalili.

Mai harhaɗa magunguna: Hajiya, a gefen kowace takarda ki rubuta magungunan da yake sha da adadinsu. Dexamethasone, maganin rage kumburin ƙwaƙwalwa, na hana barci, yana tayar da suga, yana raunana cinyoyi har tashi daga tabarma ko daga sujada ya gagara. Levetiracetam na farfaɗiya kan jawo saurin fushi. Gajiyar gashi kuma takan ɗauki makonni bayan an gama. Kowanne a cikinsu zai iya ɓata maki ba tare da ƙarin ya motsa ba. Don Allah kada ku dakatar da ko ɗaya da kanku, dexamethasone a hankali ake rage shi. In kun ga ciwon kai mai tsanani da amai, ko jijjigar da ta wuce minti 5, ko barcin da ba ya tasuwa, ku bar takarda ku nufi asibiti nan take.